Lambun Kaka a Daminar da Aka Tafi da Baba Isaka

Gidan da na tashi a Zangon Kumasi ɗakuna bakwai ne kewaye da tsakar gida, sai wani ɗaki guda da ƙofarsa ke kallon titi. Kakana na wajen uwa ne ya gina shi da ribar fataucin goro. Ya rasu tun ban yi wayo ba, gidan ya koma hannun matarsa, Kaka Memuna. A bayan madafa akwai ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba, inda ruwan kwanon rufi ke zuba, nan Kaka ta yi lambunta. Ƙasar wurin ba ta da kirki, don haka yawancin shukokin a cikin wani abu suke: gwangwanin madara, fasasshiyar randa, bokitin da ya huje, da tsofaffin tayoyin da autanta, Kawu Garba, ke kawo mata daga unguwar Magazin inda yake aikin gyaran mota.

Akwai ɗaɗɗoya, akwai na'ana'a, akwai ciyawar shayi mai ƙamshin lemo, ga lalle a jikin katanga, ga shuwaka da yakuwa da barkono. Sai kuma furanni da ba a ci ba a sha, na kallo kawai, waɗanda mahaifiyata, Mma, ke cewa ɓata ruwa ne. Akwai wani ja da ba ya buɗewa sai la'asar ta yi, da shi Kaka ke sanin lokacin alwala ko da ba ta ji ladan ba. In farkon damina ya zo, wurin yakan cika har ganye ya rufe gwangwanayen, ƙamshi ya bi ka har ɗaki.

Bayan sallar magariba Kaka takan jawo kurfoti, ɗan murhun gawayinta, bakin lambun, ta ɗora butar shayi, ta tsinko ganye biyu nan uku can ta jefa. Mu yaran gida mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ruwan ya tafasa. Sannan ta ce, "Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" mu amsa cewa ta iso, mun yi mata shimfiɗa. Hausarta ta Katsina ce, ba irin tamu ta Zango ba, in ɗayanmu ya ce "tsohuwa ya tafi" sai ta dakatar da labarin ta ce ita dai ba ta san tsohuwar da ta koma namiji ba, sai an gyara za ta ci gaba.

Ina da shekara tara aka yi dokar nan ta ƙarshen 1969, wadda ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Ban fahimci komai ba sai dai na ga manyan motoci suna lodi, mutane a saman kaya, ana kuka ana yafiya. Ɗakuna uku suka zama kango a gidanmu. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, wadda ta shekara ashirin tare da mu, ta bar wa Kaka tukwanen furanninta ta ce ta riƙe mata su har ta dawo. Ba ta dawo ba.

Kaka ma ba ta da takarda. A goye aka shigo da ita ƙasar tare da ayarin fatake, ba ta san kowa a Katsina ba sai a labari. Ta ce ba inda za ta je, wanda zai ɗauke ta ya zo ya ɗauke ta da randunanta. Mutum na biyu da ya ƙi tafiya shi ne Baba Isaka, wani tsohon Bazabarme da ke zaune a ɗakin bakin titi. Abokin tafiyar kakana ne, kuma kakana ya bar wasiyya cewa ɗakin nasa ne har ƙarshen ransa. A da yakan zauna a ƙofa yana ɗinkin hula, amma daga lokacin ya daina buɗe ƙofar titi, ta cikin gida yake shiga yake fita, masallaci ma sai asuba da isha. Kawu Garba ya taɓa roƙon Kaka ta mayar da tsohon ɗaya daga ɗakunan ciki, shi ya buɗe shagon kayan mota a na wajen tunda ya fi tsari ga kowa. Kaka ta ce maganar mamaci ba a yi mata kwaskwarima. Ba a sake tayar da zancen ba.

Mu yara aka kafa mana doka. Wanda duk ya tambaye mu wane ne a gidan, ko daga ina wane ya zo, mu ce ba mu sani ba. Ko malamin makaranta ne, ko mai sayar da gawayi. Zango ya zama wurin da mutum ke gaisawa da maƙwabcinsa yana kallon hannunsa. Ana ta raɗe-raɗin cewa akwai masu kai sunaye, wasu don su gaji rumfar kasuwa, wasu don tsohuwar gaba. Ba wanda ya san su, don haka kowa ya zama abin zargi.

Cikin wannan hali Kaka ta ba wata Ba'asantiya, 'yar asalin ƙasar, hayar ɗakin Bayarabiyar nan. Sunanta Anti Afuwa, matashiya ce mai sayar da kifi busasshe, tana da jaririya mai yawan tari, mijinta yana aiki a wani gari. Mma ta yi faɗa sosai, ta ce yaya za a kawo kunnen waje a ajiye a tsakar gida. Kaka ta ce yarinya ce da goyo, ta zo tana neman inda za ta sa kanta, kuma ɗaki ba ya son zama babu numfashi a cikinsa.

Da ruwan farko ya sauka a 1970, lambun ya yi kyan da ban taɓa gani ba, watakila don tukwanen da aka bar mana sun ƙaru a kan namu. Anti Afuwa ta kamu da son wurin. Da safe kafin ta tafi kasuwa takan tsaya da goyonta tana shinshina ganye, tana murza shi a yatsa. Hausarta gurguwa ce, tana haɗawa da Tuwi, yarensu, amma ba ta gajiya da tambaya. Mene ne sunan wannan, me yake magani, a ina aka samo irinsa. Ta ce ɗaɗɗoyarmu ta yi kama da abin da suke kira nunum, amma ƙamshin ba ɗaya ba. Kaka takan amsa wasu tambayoyin, wasu ta yi kamar ba ta ji ba. Har ta yanko mata reshen ɗaɗɗoya ta dasa a gwangwani, Anti Afuwa ta ajiye a bakin ƙofarta tana ba shi ruwa kamar ɗa.

Mma kuwa duk lokacin da ta ga matar a bakin lambun sai ta rage murya. Ta ce wa Kaka a gabana, mutum ba ya tambayar asalin ganye haka kawai, daga asalin ganye ake zuwa asalin mai ganye.

Wata Asabar ina ban ruwa ni kaɗai, Anti Afuwa ta zo ta tsuguna kusa da ni. Ta yaba yadda nake zuba ruwan a gindi ba a kan fure ba. Ni kuma yabo yana narkar da ni. Ta tambaye ni ɗaɗɗoyar nan daga ina, na ce irin na Katsina ne, uwar Kaka ce ta ƙullo shi a bakin zane lokacin da suka zo. Ta nuna na'ana'a, na ce wannan Baba Isaka ne ya kawo daga garinsu, can ƙasar Zabarma, shi ya sa ta fi ta kasuwa ƙarfi. Sai da maganar ta fita na tuna da dokar da aka kafa mana. Ita dai ta yi murmushi ta ce ashe ganye ma yana tafiya mai nisa. Ban gaya wa kowa ba.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, 'yan sanda biyu suka zo tare da wani mai farar riga riƙe da takarda. Ba su yi sallama a zaure ba, ba su tambayi kowa hanya ba. Kai tsaye suka nufi ƙofar titi da ta yi wata biyar a rufe, suka buga, suka kira Baba Isaka da cikakken sunansa har da sunan garinsu. Ya fito da hular da yake ɗinki a hannu, allura na maƙale a jikinta. Suka ba shi lokacin da zai ɗauki buta da bargo. Kaka ta fito har bakin titi, abin da ba ta yi ba tun da aka fara korar, ta tsaya ba mayafin kirki. Mai farar rigar ya dube ta ya kau da kai. Baba Isaka ya ce mata, "Memuna, ki riƙa rage wa na'ana'ar nan kai, in ta yi tsawo ɗaci take yi." Suka tafi da shi. Ba mu sake jin labarinsa ba, ko ya kai gida ko bai kai ba.

Ranar ban iya cin abinci ba. Da yamma na faɗa jikin Mma na gaya mata abin da na faɗa wa Anti Afuwa. Ba ta dake ni ba, ta dai miƙe tsaye ta ce dama ta faɗa. Kafin isha duk gidan ya ji, kafin wayewar gari duk layin ya ji. Kawu Garba ya fi kowa zafi. Ya tsaya a tsakar gida yana ɗaga murya yadda za ta ji daga ɗakinta, yana cewa an ba maciji masauki, yau tsoho gobe kuma tsohuwa. Ya ce in ba a kore ta ba shi zai fitar da kayanta da hannunsa.

Daga nan ba wanda ya ƙara amsa gaisuwar Anti Afuwa. In ta zo famfo mata su janye bokitansu. In ta shanya kayan jaririya a igiya a matsar da su gefe. Sai kuma aka lura ganyen ɗaɗɗoya yana raguwa, kullum da safe a ga sabon wurin tsinka. Mma ta ce ga shi nan, mai iya satar ganye kafin gari ya waye me zai gagare ta. Wata maƙwabciya ta ce watakila wani abin take haɗawa da shi don ta rufe mana baki. Na shiga gadin lambun da kaina, ina ƙirga rassa da yamma in sake dubawa da safe, kullum sai na ga an taɓa. Tsoro da jin laifi suka haɗu suka zame mini ƙiyayya. Wata rana da ta tafi kasuwa na ɗauki gwangwanin ɗaɗɗoyarta na juye shi a kwata, na tattake reshen da ƙafa. Da ta dawo ta ɗauki gwangwanin da babu komai, ta dube shi, ta shige ɗaki.

Kaka ba ta ce a kore ta ba, ba ta kuma ce a bar ta ba. Kusan mako biyu ba ta jawo kurfoti ba, ba shayi ba tatsuniya. Takan zauna a bakin lambun da carbi tana kallon masu shige da fice, in Kawu ya dawo daga aiki ya gaishe ta sai ta bi shi da ido har ya shige.

Ranar da ta sake hura wuta an yi ruwa da la'asar, ƙasa na ƙamshi, furen nan ja ya buɗe gaba ɗaya. Muka taru da murna. Kawu ya fito zai tafi hira, Kaka ta ce, "Auta, zo ka sha shayi. Ka daɗe ba ka zauna da mu ba." Ya ce ana jiransa. Ta ce su jira. Ya jawo kujera ya zauna a gefe, ta zuba masa a kofinsa na tangaran, sannan ta buɗe tatsuniyar.

Ta ce wata tsohuwa ce a ƙarshen gari, ba ta da kowa sai wata shuka mai ƙamshi da uwarta ta bar mata. Tare da ita a gidan akwai kaza, da kwaɗo, da wata 'yar tsuntsuwa da ta yi sheƙa a rufin ɗaki. Wata safiya tsohuwa ta tarar an ci ganye ɗaya. Ta duba ta ga kaza tana tono a gindin shukar, ta ce ke ce. Kaza ta rantse, tsohuwa ta ce mai tono ba ya rasa abin da yake nema, ta kore ta. Washegari ganye biyu. Ta ga kwaɗo a ƙarƙashin randa ya zuba mata manyan idanu, ta ce wannan kallon ba na Allah ba ne, ta kama ƙafarsa ta wurga shi bayan danga. Washegari ganye uku. Saura tsuntsuwa. Tsuntsuwa ta ce, Iya, ni fa baƙuwa ce, amma tun da na zo ban taɓa sauka kan shukarki ba sai don in ɗauke abin da ke cinta. Tsohuwa ta ce baƙo mai yawan bayani shi ne abin tsoro, ta sa sanda ta wargaza sheƙar.

Duk inda aka kori ɗaya Kaka takan rera wata 'yar waƙa da muryar wanda aka kora, mu amsa. Ranar mun amsa da ƙarfi, don mun ɗauka mun san inda labarin ya dosa. Ni a raina tsuntsuwar ce ɓarauniya, jira nake a kama ta.

Kaka ta ce da gida ya zama ba kowa, tsohuwa ta ce yau za ta ga ƙarshen abin. Ta ɗauki sanda ta zauna a gindin shukar har gari ya fara haske. Can sai ta ji motsi a jikinta. Ta duba, sai ga wata tsutsa koriya, ƙatuwa, ta fito daga ƙullin zanenta, ta bi hannunta a hankali ta sauka kan ganye ta fara ci. Ashe tun tana 'yar mitsitsiya take kwana a zanen tsohuwa, ɗumin jikinta ne ya raine ta, kuma tsohuwar ce da kanta ke kai ta wurin shukar kowace safiya. Tsohuwa ta ɗaga sanda. Tsutsa ta ji inuwar sanda, ta koma da gudu ta lafe a cinyar tsohuwa.

Nan Kaka ta koma gyaran gawayi. Muka ce sai me ya faru. Ta ce nan tatsuniyar ta tsaya, ita ma nan ta tsaya.

Muka yi ta gardama. Na ce ai sai ta buga mata sandar. Kaka ta dube ni ta ce, "Ramatu, in ta buga, cinyar wa za ta karye?" Wani ya tambaya ko kaza da kwaɗo sun dawo, ta ce wanda aka kora da sanda ba ya dawowa don an yi nadama. Ba mu ji daɗin tatsuniyar ba ko kaɗan, ba dariya, ba a kama kowa ba. Ina tuna Kawu ya miƙe ya ce ana jiransa, ya ajiye kofin a ƙasa. Ni aka sa na kwashe kofuna, nasa cike yake, ya huce.

Ƙarshen watan Anti Afuwa ta kwashe kayanta a kan kura, ba wanda ya taya ta ɗauka. Gida ya yi ajiyar zuciya. Bayan sallar layya Kawu ya fasa ƙofar ɗakin bakin titi ya faɗaɗa ta, ya jera kayan mota. Kaka ba ta hana ba, amma har ta rasu ba ta taɓa taka shagon ba, kuma in ta dafa shayin yamma ba ta ƙara cewa a miƙa masa ba. A lokacin na ɗauka don ya girma ne, ya fi son na mai shayi.

Na yi shekaru ina ɗauke da abin a matsayin laifina. Ni na yi magana, aka tafi da tsoho. Sai da na yi aure na haihu, wata rana ina tsinkar na'ana'a a bayan ɗakina a unguwar Ayigya, tunani ya zo mini wanda ya sa na zauna a ƙasa. Abu biyu na gaya wa Anti Afuwa ran nan, kuma na Kaka na fara faɗa. In ita ta kai rahoto, me ya sa mai farar riga ya dubi Kaka tsaye a titi ya kau da kai? Sannan ni ban san sunan garin Baba Isaka ba, ƙasar Zabarma kawai na ce, amma su da sunan garin suka kira shi. Wanda ya ba da sunan ya san gidan ciki da waje, ya kuma san wanda yake so a ɗauka da wanda yake so a bari.

Na je na sami Mma, lokacin Kaka ta shekara uku da rasuwa. Na faɗa mata abin da na tuna. Ta ci gaba da tsince shinkafa. Daga baya ta ce ita ba ta ga komai da idonta ba, kuma Kawu Garba ƙaninta ne, ciki ɗaya. Ta ce in bar matattu su huta, masu rai kuma Allah ya san su. Ba ta ce na yi ƙarya ba. Kawu yana nan a lokacin, shagonsa ya bunƙasa, yana yi wa 'ya'yana alheri in sun je gaishe shi. Ban taɓa tambayarsa ba. Ba ni da shaida, har yau ba ni da ita, kuma na riga na san abin da zargi ba shaida ya sa na aikata ina ƙarama.

Anti Afuwa kuwa na same ta ba tare da na nema ba, a babbar kasuwa, layin masu kifi. Ta tsufa, ta yi jiki, 'yar da ke tari a goye ita ke ba da canji. Ni na gane ta, na tsaya na faɗi sunan gidanmu. Ta riƙe hannuna ta zaunar da ni a benci, ta tambayi Kaka, na ce ta rasu. Ta share ido da bakin zane.

Na ce mata ni ce na zubar mata da ɗaɗɗoya. Ta ce ta sani, maƙwabciyarmu ta gaya mata tun ranar, don ta ƙara mata baƙin ciki. Na tambaye ta ganyen da ake tsinka da safe. Ta yi dariya kaɗan ta ce ba ita ba ce, Kaka ce. Kullum bayan sallar asuba sai ta tsinko ta ƙulle a tsumma ta ajiye mata a bakin taga saboda tarin yarinya, a lokacin da ba mai yi mata magana a gidan. Ta ce tambayoyin da take yi kuwa, uwarta mai maganin ganye ce a ƙauyensu, ta rasu kafin ta koya mata, shi ya sa in ta ga tsohuwa da lambu ba ta iya wucewa.

Sai ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce ranar da za ta tashi, tana ɗaure kaya, Kaka ta shigo ɗakin ta rufo ƙofa. Tsohuwa mai wannan shekaru ta durƙusa a gabanta har ƙasa, ta ce, "'Yata, na san ba ke ba ce. Ki yafe mini, ba zan iya faɗa a waje ba."

Na ce, ba ki tambaye ta ko wane ne ba?

Ta ce, "Me zan tambaya? Tsohuwa ba ta durƙusa wa yarinya saboda ɗan wani."

Na dawo gida a mota ina juya maganar. A da ina ganin Kaka ba ta kuskure, daga baya na yi fushi da ita na wani lokaci, don ta san gaskiya ta bar baiwar Allah ta fita da kunya a ka, ta kuma bar ni da nauyin da ba nawa ba. Abin da ta iya yi shi ne ta faɗa a tatsuniya, a gaban wanda take nufi, ta bar sauran ga wanda zai girma ya gane. Yanzu da na haifi maza uku na ga sun zama mutane masu nasu sirrin, fushin ya ragu, ko da yake ban ce ta yi daidai ba. Abin da ya zauna mini shi ne yadda muka yi saurin yarda. Gida guda, manya da yara, ba wanda ya tsaya ya tambayi wa ya ci riba, saboda akwai baƙuwa a kusa kuma zarginta ba ya yi wa kowa ciwo. Tun daga ranar da na bar rumfar kifin nan, in aka yi ɓarna aka fara nuna wanda ya zo jiya, nakan fara duba waɗanda nake ƙauna. Ba daɗi, amma ban ƙara taya kowa korar baƙo ba.